Garin Hankaka, Inda Muka Bar Ba Kyari

To ƴan fadarmu, kun dame ni. Tun da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba, kullum sai ya huce a hannuna saboda tambaya. Isuhu tasa ɗaya ce: "Lawali, da gaske suna cin kare?" Gambo kuwa so yake ya ji ko na ga masu karate suna tashi sama a bakin hanya. Ban gani ba, Gambo. Mutanen nan ba su da lokacin tashi sama, aiki suke yi. Ga shi na rubuta muku duka, da rubutun nan nawa da mushe, malaminmu na boko, ya ce kamar tururuwa ta faɗa tawada, kafin ya kore ni daga lekol. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, shi ke sayen sukari.

Mu uku muka tafi. Akwai kawuna Alhaji Mamman, ƙanen innata, mai kanti a babbar kasuwa, wanda ya riga ya san hanyar Sin. Akwai ni. Sai Ba Kyari na Shetimari, dattijon nan dogo mai gonar tattasai a bakin Komadugu. Dalilin tafiyarsa motopom ne. Injin ban ruwan da ƴan kasuwa ke kawo musu sai ya mutu daidai lokacin da tattasai ke fure, mutum yana kallon kogi cike da ruwa, gonarsa tana bushewa. Ba Kyari ya ce ya gaji da sayen abin da wani ya zaɓa masa, zai je inda ake ƙera shi ya ja igiyar da hannunsa. Manoman garinsu suka ce ya je da yawunsu. Ni kuwa an ɗauke ni ne don ni ke gyara musu injinan, kuma kawu ya ce gara in yi surutuna a gabansa da in yi a bayansa.

Muka haye Komadugu muka shiga Najeriya ta Damasak. A kan iyaka wani jami'i mai tumbi ya sa aka zazzage jakar Ba Kyari. Garin tattasai ya fito, banda ta fito, buta ta fito, sai wani farin yadi a naɗe.

"Baba, yadi za ka kai wa ƴan Sin? Ai can ake saƙa shi."

"Ba na sayarwa ba ne, ɗana. Likkafanina ne."

Jami'in nan ya naɗe shi da kansa, ya miƙa masa da hannu biyu, ko goro bai nema ba. Na ce wa kawu daga yau kowa ya riƙa yawo da likkafani, iyaka ta zama sauƙi.

A motar Maiduguri Ba Kyari ya matso kusa da kunnena. Ashe wani direba ya gaya masa ƴan Sin ƙone mamatansu suke yi, su zuba tokar a tulu. Shi kuma ƙirjinsa ya daɗe yana masa nauyi, bai gaya wa iyalinsa ba don kar su hana shi tafiya.

"Kai ɗan Hausa, bakinka ya fi jikinka. In ta Allah ta kasance a can, kar ka bari a ƙone ni."

"Ba Kyari, kai da ka tsufa kana cin barkono, wace wuta ta rage da za ta kama ka?"

Bai yi dariya ba. Ya riƙe wuyan hannuna da hannun nan nasa kamar icce, bai saki ba sai da na ce na ɗauka. Sannan ya saki, ya ce in ba shi dabino.

Jirgi a Kano muka shiga. Ba zan ɓata muku lokaci ba: kunne yana toshewa, abincin ɗan mitsitsi ne kamar na mai jinya, masai kuwa in ka danna sai ya yi ƙara kamar zai haɗiye ka har da wando. Na fito da gudu, wata baturiya tana kallona. Muka sauka a ƙasar Larabawa muka canja jirgi, muka sauka birnin Gwanju na ƙasar Sin. Nan kawu ya tsaya kan kayan kantinsa, ya sa mu a mota zuwa wani gari da ya ce babu abin da ba a sayarwa a cikinsa, sunansa Yiwu. Motar ba kujeru, gadaje ne hawa biyu. Kafin ka shiga sai ka cire takalmi a ba ka leda ka sa. Ku duba wannan tsabta, mu da muke shiga motar Maine tare da akuya. Illa dai gadon an auna shi da ɗan Sin ne. Ba Kyari ya yi tafiyar nan duka gwiwarsa tana gaisawa da haɓarsa.

Wanda ya tarbe mu wani saurayi ne mai farar hula, Basine sak, ya buɗe baki ya ce assalamu alaikum. Na waiga in ga Balaraben da ya yi magana. Sunansa Yusuf, tafinta ne, kawu ya haɗa mu da shi. Musulmi ne tun kakanni, daga can arewacin ƙasar ya zo neman abinci. Larabcinsa na littafi ne, shi da Ba Kyari, da yake ya yi karatun allo mai zurfi, sai su yi ta zubawa. Ni kuwa nawa Larabcin na kasuwar raƙuma ne, irin na Shuwa, rabinsa ciniki rabinsa zagi. In na yi magana Yusuf ya kan rufe ido kamar haƙori na masa ciwo, amma yana ganewa.

Masaukinmu can sama yake, matakala kamar ba za ta ƙare ba. Ruwan sha kuma da zafinsa suke kawowa, ko ana rana. Na nemi mai sanyi, mai masaukin ta dube ni kamar na ce a ba ni guba. Abinci a shagon kawun Yusuf muke ci. Wannan mutum ya ɗauki curin ƙullu ya ja, ya ninke, ya ja, ya buga a tebur, kafin ka ƙifta ido ya zama taliya siririya kamar zaren ɗinki, ba inji ba wuƙa. Na tsaya baki buɗe har ƙuda ya kusa shiga. Tsinkayen nan biyu da suke ci da su na gwada, taliya ta tafi cikin rigata. Ba Kyari ko kallonsu bai yi ba, ya wanke hannu, ya barbaɗa garin tattasansa, ya ci abinsa. Mai taliya ya zo ya shinshina, ya lasa, ya ɗaga babban yatsa. Daga ranar kwanonmu ya fi na kowa nama.

Kasuwar kuwa, ku haɗa ta Diffa da ta Damagaram da ta Maiduguri, ku ɗora su kan juna, ku sa rufi da fitila, har yanzu ba ku kai lungu guda ba. Layi guda maɓalli kawai. Layi guda tsintsiya. Na ga tasbaha irin ta hannun limaminmu da ya ce daga Madina take, buhu-buhu. Ba wanda ke kiranka yana jan rigarka. A shagon suke ci, a shagon yara ke karatu, ba a rufewa don an ji kiran biki.

A layin injuna muka gamu da wata mata ƴar gajeruwa mai murya kamar ta karen mota. Na sa mata Uwar Injin. Ba Kyari ya ce shi ba ya sayen motopom a bushe, sai ya ga yana jan ruwa. Wasu masu shago suka yi dariya. Ita kuwa ta sa aka ɗauki inji uku zuwa bayan kasuwa, aka cika duro da ruwa har da zuba laka don ya yi kamar na kogi, da ta ji Yusuf ya ce ruwanmu ja ne. Tsohon nan ya naɗe hannun riga ya ja igiya da kansa. Ruwa ya yi tsalle ya jiƙe ni tun daga kai, ya ce madalla, daman ban yi wanka ba. Na buɗe cikin injin na ga ƙarfe ne na gaske. Ya zaɓi nasa da na mutanensa, yana murna kamar an masa haihuwa. Ita kuma ta riƙa kiransa da wata kalma da Yusuf ya ce kaka take nufi.

A wajen cin taliya ne Ba Kyari ya tambayi Yusuf ma'anar sunan garin. Kun san tsofaffinmu, ba sa kwana a gari ba su san sunan wa yake ɗauke da shi ba. Ya ce su Shetimari garin Shettima ne, to wannan na wane ne? Yusuf ya ce shi baƙo ne a nan, abin da ya sani dai rabin sunan na ƙarshe hankaka ne.

Na kusa shaƙewa da romo. Hankaka! Ɓarawon banda, mai sace sabulu a bakin kogi, mai ɗauke ƴan tsaki. Na ce lalle an yi gari, kowa ya riƙe aljihunsa. Ba Kyari ya ce in yi shiru, ba a sa wa gari suna a banza, zai tambayi ƴan asalin wurin.

Bai samu ya tambaya ba. Washegari da hantsi muna hawan matakalar masauki ya zauna ya ce bari ya huta. Na ce tsufa dai, Babarbare ya sare. Sai na ga gumi. Yusuf ya kira mota, aka kai shi lopital, likitoci suka rufu a kansa da gudu, wallahi sun yi iyakar yinsu. Kafin la'asar Allah Ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wani ma'aikaci mai ladabi ya zo ya yi bayani ta bakin Yusuf. Baƙo in ya rasu, ko a sa shi a jirgi a mai da shi gida, ko a ƙone. Jirgin, da irin takardu da jiran da yake so, ba abin da muke iyawa ba ne. Da na ji kalma ta biyu kunnena ya daina ji. Na kira kawu a waya, ga shi paspo ɗinsa yana ofis ana ƙara masa kwanaki, ba ya iya fita Gwanju. Ya ce in yi haƙuri in bi Yusuf. Ni kuwa na je ƙofar ɗakin sanyin da suka sa shi, na zauna a ƙasa, na fiddo kile ɗina na kwance inji na riƙe. Duk wanda ya zo da gadon turawa sai in miƙe. Yanzu abin dariya ne, ɗan tsurut da ni da kile a ƙasar mutane. A lokacin ba wasa nake ba.

A haka Uwar Injin ta same ni. Ta rufe shagonta, matar da ko abinci a tsaye take ci. Ta karɓe kile daga hannuna kamar an karɓe wa yaro wuƙa, ta tura mini burodi a baki, ta yi ta faɗa. Yusuf ya ce cewa take yi akwai hanya ta uku: Musulmin ƙasar ba a ƙone su, doka ta ba su makabartarsu, sai dai tana wani gari da nisa, kuma baƙo sai an sa masa hannu a wurare da yawa. Ta ce in tashi, zama a ƙasa ba ya sa hannu.

Kwanakin da suka biyo baya a bayan babur ɗinta na yi su. Ni da na yi kabu-kabu a Diffa na ɗauka na iya tuƙi, wannan mata ta sa na karanta duk addu'ar da na sani. Ofis zuwa ofis, in an ce gobe sai ta zauna ta fiddo ƴaƴan kankana tana ɓarewa har a ga ba za ta tashi ba. Ba ta ba kowa ko sisi a ɓoye ba, kuma ba wanda ya nema. Mu da muke binne mutum kafin rana ta juya, kowane wayewar gari ji nake kamar na ci amanarsa. Amma hannu ya yi ta hawa takarda ɗaya bayan ɗaya. Mai taliya ya zaga ya gaya wa jama'arsa. Ranar da aka ba mu gawar Ba Kyari, na ga mutane cike da farfajiyar masallaci: masu farar hula, Larabawa, ƴan Pakistan, wani ɗan Mali, ba wanda ya taɓa shan ruwa da shi. Ni da mai taliya da wani tsohon liman muka yi masa wanka, muka sa shi a yadinsa da ya zo da shi tun daga Shetimari.

A motar zuwa makabarta Uwar Injin ta shiga gaba. Na ce wa Yusuf a wurinmu mata ba sa bin gawa. Ya ce in gaya mata da kaina in na isa. Ban isa ba. Sai na ce ya tambaye ta, ita da ba addininmu ɗaya ba, ciniki ma an riga an gama, me ya sa ta bar shagonta? Ta juyo ta dube ni kamar na tambayi me ya sa ruwa ke jiƙa. Ta ce ban san sunan garin da nake ba? Na ce na sani, hankaka. Ta ce rabi na sani.

Ga yadda ta faɗa, Yusuf yana juyawa. Tun zamanin da, kafin a yi garin, akwai wani saurayi talaka da tsohon ubansa, su biyu kaɗai. Yaron nan, da zafi in sauro ya yi yawa, sai ya tuɓe riga ya kwanta kusa da uban don sauro ya ƙoshi da shi ya bar tsohon. Ku da kuka san sauron bakin Komadugu da damina, ku auna. Uban ya rasu. Ba dangi, ba mai taya shi, ko abin haƙa babu. Ya riƙa tonon ƙasa da yatsu yana ɗebowa yana rufe uban, har ƙarfinsa ya ƙare. Sai hankaki suka sauko, garke guda. Kowanne ya ciko baki da ƙasa ya zo ya zuba, ya koma, ya ciko, har kabari ya tashi, bakunansu duk sun fashe suna jini. Mutanen da suka gani suka sa wa wurin suna Wushang, wato inda hankaki suka ji rauni. Daga baya wani zamani aka mai da shi Yiwu: wu hankaka, yi kuwa Yusuf ya daɗe yana neman kalmar, ya ce mai yin abin da ya kamata ko ba a sa shi ba, mai amana. Ta ce duk yaron garin da wannan labari ake yaye shi. Mutum ya mutu a garin da ke da wannan suna a rasa mai rufe shi, ina za su sa fuskarsu?

Na tuna malaminmu na allo ya taɓa gaya mana ai hankaka ne ya fara nuna wa ɗan Adam yadda ake binne gawa. Mu mun sani muka manta, muna jifansa da dutse. Su kuwa gari sukutum suka ba shi. Mu sunan mai sarauta muke sa wa gari, ko na wanda ya fara haƙa rijiya. Ban taɓa jin inda aka sa sunan wanda ya zo taya binnewa ba.

Makabartar a jikin tudu take, da itatuwa, a share tas. Sun riga sun haƙa, har da ƙaramin ɗaki a gefe kamar namu. Ni da mai taliya muka shiga muka karɓe shi. Tun zuwana ƙasar ban ga rana sosai ba, gidaje da hazo sun tare ta, salla kuwa bayan Ba Kyari kawai nake tsayawa. Ran nan ta fito fili tana gangarawa. Na duba na ga sun sa kansa arewa, fuskarsa tana kallon inda rana ke faɗuwa. Yamma! Na ce a'a, wallahi ba a yi haka ba. Na kama shi zan juya, mai taliya ya riƙe, ina ihu da Hausa gabas, gabas, yana ihu da nasa yaren, mu biyu a cikin rami. Na ce na hana a ƙone shi, ba zan bari a juya masa baya ga alƙibla ba.

Tsohon limamin bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna a bakin kabarin ya ɗauki tsakuwa uku ya jera. Ya taɓa ta tsakiya ya ce Makka. Ya taɓa ta wannan gefe ya nuna ni. Ya taɓa ta ɗaya gefen ya nuna ƙasar da muke kai. Na kalli tsakuwa, na kalli rana. Ashe mun wuce Makka tun a jirgi, mun bar ta a baya. Kunya ta kama ni har na so a rufe mu tare. Liman ya shafa kaina ya ce wani abu, jama'a suka yi murmushi. Yusuf ya ƙi fassara mini har yau.

Da aka fara zuba ƙasa, Uwar Injin tana can nesa gindin itace, ta zo da lemu da wasu takardu da suke ƙona wa mamatansu, Yusuf ya roƙe ta ta mai da su jaka, ta mayar ba gardama. Ta yafuto ni. Ta duƙa ta cika hannu biyu da ƙasa ta juye a nawa, ta nuna kabarin da haɓa. Na kai na zuba.

Injinan sun iso bayanmu, suna nan suna aiki, wanda bai yarda ba ya je Shetimari ya ji ƙararsu. Amma kafin su iso ni na riga na je, da jakar Ba Kyari da butarsa. Kawu ya yi gaisuwa wajen maza, ni aka shiga da ni wajen matar marigayin, Ya Falmata, don ta ce wanda ya sa shi a rami take son gani. Tana zaune a tabarma, mata kewaye da ita, tattasai shanye a tsakar gida.

"Wuta ta taɓa shi?"

"Ko hayaƙi, Ya Falmata. Da yadinsa ya tafi."

"An yi masa salla?"

"Sahu-sahu."

"Ka juya shi gabas da kyau?"

Nan na so in yi ƙarya, ku kun san ba ta mini wuya. Na ce a'a, yamma yake kallo. Ɗakin ya ɗauki salati, wata tsohuwa ta fara zagina da Barbarci. Na fita na ɗebo tattasai uku na jera a gaban tabarmar. Na ce wannan mu ne, wannan Makka, wannan inda yake kwance. Mu muna kallonta ta nan, su suna kallonta ta can.

Ya Falmata ta daɗe tana duban tattasan nan. Ta sa yatsa a kan namu, ta ja shi a ƙasa ya bi ta na tsakiya har ya taɓa na ƙarshe.

"To in na tsaya salla, fuskata tana wajensa ke nan."

"Haka ne."

"Shi ma tasa tana wajena."

Na ce haka ne. Ta gyara mayafinta, ta ce wa matan su yi shiru haka nan, a kawo wa yaron nan fura.